Barcin Ma'adanar Filash: Ribar Batir da Nauyin da Ke Kan Injiniya

Agogon hannu na zamani, da na'urar bin sawun kaya, da ma'aunin zafi da ake girkewa a gona, da yawansu suna ɗauke da wani ɗan guntun ma'adana mai ƙafa takwas. Ita ce ma'adanar filash mai aika bayanai bi da bi ta hanyar SPI. Tun bayan da Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya ƙirƙiro filash a shekarun 1980, gasar masu ƙera ta a kan girma da sauri take. Yanzu kuwa kamfanoni irin su Winbond da Macronix na Taiwan, da GigaDevice na Sin, sun buɗe sabon fagen gasa: wace ce ta fi ƙarancin shan wuta in tana barci.

Dalilin a fili yake. Irin waɗannan na'urori sukan farka na ɗan ƙiftawar ido, su yi aiki, su koma hutu, don haka yawancin rayuwar batir a zaman jira take ƙarewa. Ma'adanar da ke jira kawai takan ja kimanin maikro'amfa 10. A shekara, wannan ya kai miliamfa-awa 87, alhali batirin CR2032 mai kama da kwabo kusan 220 yake ɗauka. Kenan fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi ba tare da an karanta ko harafi ba. Da an aika mata umarnin B9h, sai ta shiga barci mai nauyi, shan wutar ya sauka zuwa kusan maikro'amfa 1. Kamfanin Adesto, wanda yanzu yake ƙarƙashin Renesas, ya ƙara wani mataki mai zurfi da umarnin 79h, inda shan wutar bai kai maikro'amfa ɗaya ba.

Sai dai ribar tana da farashi. Ma'adanar da ta shiga barci mai nauyi galibi ba ta sauraron komai sai umarnin tashi, wato ABh. Wannan kariya ce daga rubutu bisa kuskure, amma tarko ne kuma. Idan uwar na'urar ta sake kunna kanta ba tare da wuta ta yanke wa ma'adanar ba, tana iya neman manhajarta ta ji shiru, na'urar ta sandare har sai an cire batir. Tashin ma yana cin lokaci, daga 'yan maikrodaƙiƙa zuwa gommai, kuma a mataki mafi zurfi wasu kan zubar da bayanan wucin gadi da ke cikinsu. Haka nan ba ta karɓar umarnin barci tana tsaka da rubutu ko gogewa.

Matsala ta gaba ita ce kowane kamfani da tsarinsa. Wannan ne ya sa ƙa'idar JESD216 da hukumar JEDEC ta fitar a 2011 take da muhimmanci, domin gyare-gyarenta na baya sun ba ma'adana damar bayyana umarnin barcinta da tsawon lokacin tashinta.

Saboda haka, lambar da ke kan takardar kamfani ba ta isa hujja ba. Na'urar da ke tashi kowane lokaci ba ta cin ribar barci mai zurfi. Wadda ke kwana awanni tana ci sosai. Wajibi ne injiniya ya auna wutar zagayen aikin gaba ɗaya, ya kuma tabbatar manhajar farko tana tada ma'adana kafin ta nemi komai a wurinta.