Shirye-shiryen Talabijin Kan Abincin Mutanen Da a Ingila: Tarihi Ko Bege?

Gabatarwa

Da wuya dattawa su haɗu a zaure hira ta yi nisa ba a ce abincin da ya fi na yanzu ɗanɗano da albarka ba. Na daɗe ina zaton mu kaɗai ke wannan magana, sai da na bibiyi wasu shirye-shiryen talabijin na Ingila na tarar da Turawa ma haka suke begen girkin kakanninsu. A wannan maƙala zan bayyana yadda ake tsara waɗannan shirye-shirye, da abin da suka bankaɗo, da darasin da malamin tarihi zai ɗauka.

Yadda Abin Ya Faro

A shekarar 1999 tashar Channel 4 ta nuna shirin The 1900 House, inda aka zaunar da wani iyali wata uku a wani gida a Landan, suna girki da wanki kamar mutanen 1900. A 2001 aka yi irinsa kan zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 2007 zuwa 2009 kuma BBC ta fito da jerin The Supersizers, wanda Giles Coren da Sue Perkins suka gabatar. Sukan ɗauki mako guda suna cin abincin wani zamani, likita ya auna su kafin farawa da bayan gamawa, don a ga abin da cimar ta yi wa jiki.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Back in Time for Dinner na 2015. An mayar da kicin ɗin wani iyali irin na 1950, kowace rana ta tsaya a madadin shekara ɗaya, har aka kai 1999. Da an shiga sababbin shekaru goma sai a sauya kicin da kayan girki.

Daga Ina Suke Samun Hujja?

Nan ne nake son malamai su lura. Masu shirin na 2015 sun dogara ne da wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta fara a 1940 ta ci gaba da shi har 2000, inda matan gida ke rubuta duk abincin da ya shigo gida cikin mako guda. Masaniyar tarihin abinci Polly Russell ce ke yi wa masu kallo bayani. Saboda haka abin da aka ɗora a tukunya shi ne abin da wata uwar gida ta rubuta da hannunta a shekarar, ba abin da wani ya tuna bayan shekara sittin ba.

Abin da Takardu Suka Nuna

Takardun sun nuna cewa jiyan da ake bege tana da nata ɗacin. A watan Janairu na 1940 aka fara rabon abinci da awo a Birtaniya, kowa da littafinsa da mai kanti ke yi wa alama. A tsakiyar yaƙin, babban mutum yakan sami sukari kimanin giram 225 da ganyen shayi kimanin giram 55 a mako, ƙwai kuwa ɗaya tal idan an samu. Bayan yaƙi ma abin ƙaruwa ya yi, domin daga 1946 zuwa 1948 har burodi sai da awo. Ba a saki sukari ba sai 1953, nama kuwa sai Yulin 1954. Wannan ƙarancin maiƙo na cikin abin da ya sa Birtaniya ta matsa wa gyaɗarmu, wadda aka riƙa tara wa dala a Kano ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko.

Haka kuma shirin ya nuna wahalar da bege ke ɓoyewa. A sashen shekarun 1950, uwar gida ta wuni ita kaɗai a kicin, babu firji, sai zuwa kanti kusan kullum. Da firji da abincin kanti da aka riga aka dafa suka yawaita, aikinta ya ragu, amma zaman cin abinci tare shi ma ya ragu. An sami sauƙi, an kuma yi asara.

Me Ya Sa Mutane Ke Begen Abincin Da?

A fahimtata dalilai uku ne. Na farko, ɗanɗano da ƙamshi suna maƙale da ƙuruciya, mutum yana tuna abincin ne tare da hannun da ya dafa. Na biyu, yunwa ita ce gishirin miya, abin da ba a samu sai da sallah dole ya fi daɗi a baki. Na uku, wanda ya ci shi ke yawan ba da labari, wadda ta yi daka da surfe ba a cika tambayarta ba.

Kammalawa

Ban ce begen dattawa ƙarya ba ne. Shi ma hujja ce, amma sai an haɗa shi da wata hujjar. Mu ba mu da littattafan awo na gida-gida irin na Ingila, taskarmu tana bakin tsofaffinmu, kuma kullum raguwa take yi. Shawarata ga malamai ita ce su tura ɗalibai wurin kakanninsu mata da tambayoyi takamaimai: me aka ci da safe da damina kafin sabon hatsi ya nuna, wa ya daka, mudu nawa ake auna wa gida, me aka ci a shekarar farin 1973? A rubuta amsar da sunan gari da shekarun mai magana. Iyayenmu dattawa kuwa roƙona gare su shi ne, idan jikoki sun zo da takarda, a faɗa musu daɗin fura da dambu, a kuma faɗa musu ranakun da aka kwana da tafasa da rama kawai.