Naman Kazan Da Ya Tsere Ya Mamaye Dazuzzukan Amurka

Akwai wani nau'in naman kaza mai launin ruwan ɗorawa da masana ke kira Pleurotus citrinopileatus. Asalinsa daga gabashin Asiya ne, wato Sin da Japan da gabashin Rasha. A farkon shekarun 2000 aka fara kai shi Amurka don a noma a ci, har ana sayar wa mutane irinsa su raina a gida. Wajajen 2010 sai ga shi a daji, ya fito cunkus a jikin matattun itatuwa.

Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, iska ke kwasarsu. Masanan fannin kuma ba su da yawan da za su leƙa kowane kurmi. Nan ne talakawan gari suka shigo. Mai yawon shaƙatawa ko mai neman abin miya a daji, da ya ci karo da shi sai ya ɗauki hoto da wayarsa, ya ɗora a manhajar iNaturalist ko Mushroom Observer, tare da rana da wurin da ya gan shi. Wasu masu idon abin su duba, su tabbatar shi ne ko ba shi ba.

Da waɗannan hotuna ne Aishwarya Veerabahu ta Jami'ar Wisconsin da abokan aikinta suka nuna a 2025 cewa baƙon naman kazan ya isa jihohi 25 na Amurka da lardin Ontario na Kanada. Ba su tsaya a hoto ba. Sun huda matattun itatuwan elm a kewayen birnin Madison, suka binciki ƙwayoyin halittar da ke cikin garin katakon. Itacen da baƙon ya kama, nau'o'in danginsa 'yan gida da suka rage a cikinsa kusan rabi ne na abin da ake samu a wanda bai kama ba. Su kuwa 'yan gidan, su ne ke ruɓar da itace su mayar wa ƙasa da takinta.

Taswirar da hotunan suka samar tana da gurgunta. Inda masu waya ke zuwa kaɗai take nunawa, dajin da ba a shiga ya zauna fayau ko da baƙon ya cika shi. Duk da haka, babu jami'ar da ke da kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su yi wannan sintiri. Abin da ya riga ya bazu a daji ba ya kwasuwa, don haka masu binciken ke ba manoma shawarar su koma noman nau'o'in da ƙasarsu ta haifa.