Mai Farautar Masu Shan Jini da Ɗan Ƙwaron Gadarif

A shekarar 1973 kamfanin Marvel na Amurka ya fito da wani jarumi mai suna Blade a cikin jerin littattafan zane masu ban tsoro, waɗanda Marv Wolfman ya rubuta, Gene Colan ya zana. Labarinsa ba shi da wuyar ganewa. Wani mai shan jini, Deacon Frost, ya ciji mahaifiyarsa tana kan gwiwa, ta rasu, yaron ya tashi da alwashin sai ya ga bayan duk wani mai shan jini. A 1998 aka mayar da labarin fim, Wesley Snipes ya hau matsayin.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Muna da maye, wanda ake cewa yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum har ya rame ya mutu. Larabawan Sudan suna da ba'ati, mamacin da ke tasowa daga kabari. A tsallaken iyakar Gallabat kuwa, Habashawa suna tsoron buda, mai mugun ido da ake cewa yana rikiɗa kura. Bahaushen Gadarif da ke gabashin Sudan, jikan mahajjata da masu hijirar da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, a tsakiyar waɗannan labarai uku yake zaune.

Sai dai a cikin littafi mafarauci ba ya kuskure. Mai zane ya riga ya sa wa mugu fiƙoƙi da jajayen idanu, mai karatu yana gani. A gari kuwa wa ke da fiƙa? Yatsa yakan faɗa kan tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata, ko kishiya, ko baƙon da ya zo aikin yankan riɗi. A tube mutum, a ce ya tsallake maras lafiya, wani lokaci a haɗa da duka. A ƙasar Malawi, a 2017, jita-jitar masu shan jini ta sa 'yan sintiri sun kashe mutane aƙalla 8, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomin kudu. Turawa ma sun yi nasu yayin. A ƙarni na 18 ƙauyawan Sabiya da na wasu sassan Turai sun riƙa tone gawawwaki suna soke su da itace, sai da Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta sa likitanta ya bincika, sannan ta hana wannan aiki a ƙasashen da take mulka a 1755.

Abin da ya kamata a sani shi ne, akwai mai shan jini na gaske a jihar Gadarif, kuma da dare yake fita. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba, yana fakewa a tsagar baƙar ƙasar laka da dazuzzukan dushe da aduwa, musamman a ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara. Macen ce ke cizo, ita ce kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar kala'azar, wadda jihar ke cikin wuraren da ta fi yi wa katutu a duniya. Mai karatu ya dubi alamunta da kyau: zazzaɓi na makonni da ba ya jin maganin maleriya, rama, ƙarancin jini, kumburin saifa har ciki ya fito. Yaro yana ta ƙarewa a gaban iyayensa, ba ciwo a jiki, ba rauni. Wanda ya tashi da labarin kamun kurwa, me zai fara faɗo masa a rai? Ga shi alamun sukan ɗauki watanni bayan cizon kafin su bayyana, lokacin an manta da kwanan gona, amma ba a manta da maƙwabciyar da aka yi cacar baki da ita jiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Amma cutar tana warkewa. A gabashin Afirka ana yin allurai iri biyu a haɗe na kwana 17, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana wannan aiki a asibitin Tabarak Allah da ke jihar. Gwajin farko ɗigon jini ne daga yatsa.

Ni ban ga laifin matashi ya karanta labarin Blade don nishaɗi ba. Tatsuniyoyinmu na Dodo ba su fi shi sauƙi ba. Inda nake jan kunne shi ne kada a ɗauko ramuwar gayya daga takarda a shigo da ita unguwa. Hausawan Sudan sun ɗanɗana zafin nuna yatsa a rikicin jihar Bulunayil na Yulin 2022, inda aka rasa rayuka sama da 100, har jama'a suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala.

Don haka, iyaye, idan zazzaɓin yaro ya wuce mako 2 yana ramewa, ku kai shi a gwada jininsa kafin ku ambaci sunan kowa.