Matan Yoshiwara: Kyan Zane da Abin da Ya Rufe

A 1617 hukumar birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, ta keɓe wa karuwai unguwa guda mai suna Yoshiwara. Bayan gobarar 1657 aka mayar da ita bayan gari, aka kewaye ta da gwalalo, ƙofa ɗaya tak. Matan wannan unguwa su ne suka cika hotunan da Japanawa ke bugawa da allon katako.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai zane zai zana da tawada, masassaƙi ya manna takardar a kife bisa allo, ya sassaƙe duk inda babu layi, har silin gashin goshi sai ya fitar da shi ɗaya bayan ɗaya. Kowane launi da allonsa. Mai bugu ya shafa launi, ya saita takarda da ɗan tsagin da ke kusurwa don kada ta kauce, sannan ya murza da faifan hannu. Tun da Suzuki Harunobu ya fito da bugu mai launuka da yawa a 1765, kasuwa ta buɗe.

Gwanin gwanaye shi ne Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu a 1806. Shi ya matso da fuskar mace kusa, har mai kallo ya karanci gajiya ko zulumi a idonta. Mai buga masa aiki, Tsutaya Juzaburo, a bakin ƙofar Yoshiwara ya fara kantinsa. Sunan sana'ar ya kai Faransa, inda mai zane Van Gogh ya kwaikwayi wani hoton mai zanen Japan Keisai Eisen a 1887.

Sai dai ni ina ganin hotunan nan talla ne. Yawancin matan tun suna yara iyaye matalauta suka miƙa su a kan bashi, wa'adin kusan shekara goma, kuɗin sutura da abinci na ƙara hawa kansu. Ciwon sanyi da tarin fuka suka kashe da yawa da ƙuruciyarsu, aka riƙa yar da gawarwakin marasa gata a wurin bauta mai suna Jokanji. Sai a 1872 gwamnati ta yafe basussukan.

Wannan darasi ne gare mu. Iyayenmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kafin a miƙa yarinya ga dillaliya da sunan aikatau a birni, a san gidan da za ta da wanda zai riƙe ta.