Masu Gashi da Lantarki: Daga Igbobi Zuwa Bakin Kasuwar Oyingbo

Oyingbo kasuwa ce ta kaya masu nauyi a Legas. Buhunan albasa da wake da barkono, da kwandunan busasshen kifi da suke saukowa daga Arewa, duk a kan mutane suke shiga cikinta, kuma da yawa daga cikin 'yan dakon 'yan'uwanmu ne Hausawa. Wasu a nan suke kwana, wasu kuma daga Agege suke tasowa, musamman tun da jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya haɗa unguwannin biyu, ya fara ɗaukar fasinjoji a watan Oktoban 2024. Mutumin da ya yini yana sauke buhu ba ya rasa ciwon baya ko na ƙugu, shi ya sa masu magani ba sa nisa da shi: wanzami da ƙahonsa, mai man zafi, mai ɗori. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin mutum ɗaya a cikin sahun, wato mai injin tausa na lantarki.

Jarinsa bai taka kara ya karya ba. Injin kansa bai fi tafin hannu ba, yana aiki da batir ko kuma a yi masa caji kamar waya. Siraran wayoyi biyu ne suke fitowa daga jikinsa, kowace ta ƙare da ɗan faifan roba mai danƙo da ake manna wa fata. Akwai maɓallin ƙara ƙarfi da na sauya salon bugun. Za ka ji mai sayarwa yana cewa, "Baba, zauna ka gwada, gwaji kyauta ne." Sai ya manna faifan a kafaɗa, ya murza maɓalli kaɗan kaɗan. Da farko mutum zai ji tsikari kamar tafiyar kiyashi, daga nan naman wurin ya soma motsi da kansa, kafaɗa tana ɗagawa tana sauka ba da izinin mai ita ba. Wannan motsin ne yake sayar da injin, domin duk wanda ya gani da idonsa sai ya yarda cewa wani abu yana aiki.

Kuma lallai yana aiki, amma iya gwargwadonsa. Irin wannan na'ura, wadda asibitoci suke kira TENS, tana aika gajerun bugun wuta ta cikin fata, daga sau 2 zuwa kamar sau 150 a daƙiƙa, kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. A shekarar 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi yana bi ta wata mashiga a lakar gadon baya kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma idan aka cika mashigar da saƙon taɓawa, na zafin sai ya ragu. Dalilin ke nan da ya sa wanda ya buge gwiwa yake saurin murza wurin. Injin yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci ga wasu mutane. Ba ya wanke jini, ba ya narkar da kitse, ba ya warkar da ciwon suga ko hawan jini, duk da abin da akan ji a bakin masu talla.

Dabarar ta girmi wutar lantarki ta gidaje nesa ba kusa ba. Masuntanmu na Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun san minjirya, kifin da yake fizgar hannun wanda ya taɓa shi, kuma akwai zanensa a tsofaffin kaburburan Masar. A ƙarni na 1 miladiyya wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan fizga. Bayan Volta ya ƙera batir a 1800, Faraday kuma ya gano hanyar samar da wuta daga maganaɗisu a 1831, sai likitoci suka samu abin da za su iya sarrafawa. Duchenne na Faransa shi ne ya yi fice wajen motsa tsoka ɗaya bayan ɗaya da wuta don gane wadda ta mutu da wadda take da sauran rai. Ƙananan injuna masu batir da mutum zai iya sa wa a aljihu sun bazu ne a shekarun 1970.

A Najeriya, gidan sana'ar gashin ƙashi yana nan kusa da Oyingbo. A asibitin ƙashi na Igbobi ne wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin gashin ƙashi na zamani a 1945, suka kuma koyar da 'yan ƙasa. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi a matakin digiri a 1966, yanzu kuma ana karatunsa a Jami'ar Bayero ta Kano, ana aikinsa a asibitin ƙashi na Dala. Ɗalibi yakan yi shekara 5 ko fiye, ya ƙara shekarar koyon aiki, sannan ya yi rajista da hukumar MRTB da aka kafa da dokar 1988. Abin da ya raba likitan gashi da mai talla yana faruwa ne kafin a kunna inji. Zai tambaye ka ko kana da ciwon zuciya ko farfaɗiya. Zai tambayi mace ko tana da juna biyu. Zai gwada fatar da abu mai tsini da mai laushi, ya ga ko tana ji. Sannan ya zaɓi inda faifai biyun za su zauna, domin wuta tana tafiya ne daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma duk abin da yake tsakaninsu yana kan hanyarta.

Akwai wani ɓangare na cinikin da ake yi da rage murya. Bayan an gama maganar ciwon baya, mai talla yakan matso ya ce injin yana taimakon mai rauni a wajen iyali. Wannan alkawari tsoho ne. A ƙarshen ƙarni na 19 an cika jaridun Ingila da Amurka da tallar ɗamarar lantarki da ake cewa tana dawo da ƙarfin maza, har kamfanin Sears ya sa irinta a kundin kayansa a wajejen 1900. Daga baya aka fito da Relax-A-Cizor a Amurka, aka ce yana rage ƙiba, aka sayar da sama da 400,000, kafin kotu ta hana cinikinsa a 1970 saboda yana iya jawo ɓari, ya kuma tsananta farfaɗiya da gyambon ciki da ƙaba. Tun a shekarun 1950 wasu suka fara karkatar da irin waɗannan injuna zuwa ga al'aura don neman jin daɗi, daga shekarun 1980 kuma aka soma ƙera na musamman don haka. Yau ana tallarsu a intanet, kuma kunya ba ta hana su isowa Legas ko Kano ba. Kunyar dai tana hana wanda ya ji rauni zuwa asibiti da wuri, shi ya sa ya kamata a faɗi haɗarin a fili.

Ana auna wutar da ta ratsa jiki da miliamfiya. Mutum yana fara jin wutar soket a kusan miliamfiya 1. A wajejen 10 zuwa 20 hannu yakan damƙe waya ya kasa saki. Idan 50 zuwa 100 suka ratsa ƙirji, zuciya tana iya rikicewa ta daina tura jini, mutum ya mutu cikin mintoci. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan juyi yana daga cikin mafi haɗari ga zuciya. Busasshiyar fata ita ce garkuwar jiki, amma gumi da ruwa suna karya ta, fatar cikin baki da ta al'aura kuwa kusan ba su da wannan kariya. Saboda haka abin da kafaɗa za ta jure yana iya ƙona wuri mai laushi, musamman idan faifan ƙarami ne ko ya bushe ya ɗage, wutar ta taru a guri ɗaya. Mafi muni shi ne injin da aka harhaɗa a gida da cajar waya ko amfilifaya, ko mai arha da ake amfani da shi yana jone da soket. Waya ɗaya ta salu a ciki, wutar gida gaba ɗaya ta shiga jiki. An rasa rayuka ta wannan hanya.

Ƙa'idojin ba su da wuyar riƙewa. Ba a sa faifai a gaban wuya, ko a kai, ko kusa da ido, ko ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, ko ɗaya a kowane hannu. Ba a sa su a kan miki, ko inda fata ta mutu ba ta ji, abin da yake yawan samun masu ciwon suga. Wanda aka dasa wa batirin zuciya da mai farfaɗiya su nisance shi, mai juna biyu kuma kada ta taɓa shi sai da izinin likita. Ba a kunna shi a banɗaki, ko ana tuƙi, ko yana caji. Shi kuwa raunin namiji sau da yawa alama ce ta farko ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyin jini, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekaru. Wanda ya rufe shi da inji ya bar ainihin cutar tana cin sa.

Neman halak ba laifi ba ne, kuma mai sayar da injin tausa zai iya riƙe sana'arsa da mutunci. Ya sayi kaya mai rajistar NAFDAC, ya karanta takardar da ke cikin kwali ko ya sa a karanta masa, ya yi wa kowane mai saye tambayoyin nan na zuciya da farfaɗiya da ciki, ya kuma daina alkawarin abin da injin ba ya yi. Sarakunan Hausawa na Agege da sauran zanguna da shugabannin 'yan kasuwa suna iya gayyato likitocin gashi su yi wa jama'a bayani da Hausa. Kai kuma ɗan'uwa mai ɗaukar kaya, idan ciwon baya ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni, ko ya sauko ƙafa da kasala, ko ya taɓa riƙon fitsari, ka ajiye inji ka nufi asibiti. Igbobi ba ta da nisa da Oyingbo.