Muryar Malami a Darasin Hausa

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. “Gari” da ake zama a cikinsa da “gari” da ake tuƙa tuwo da shi siffarsu ɗaya a kan allo, sai an furta su kunne yake rarrabewa, domin wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan. Abin da alli ya bari, muryar malami ce take cika shi.

Wannan ya fi fitowa fili a darasin rubutacciyar waƙa, wadda karinta ya dogara ga jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. In malami ya karanta baiti kamar labarin jarida, ɗalibai za su iya ƙirga gaɓoɓi a takarda, amma ba za su ji karin ba. Magabata sun san haka. Nana Asma'u (1793–1864) ta ilmantar da matan karkara ta hanyar jajis ɗin 'Yan Taru, waɗanda suke haddace waƙoƙinta su rera wa mata.

Haka nan a darasin tatsuniya, ya kamata malami ya kwaikwayi tsamin bakin Gizo, ya dakata inda labari ya ɗaure, ya bar wa ɗalibai amshin waƙa. Saboda haka ya dace kwalejojin horon malamai su riƙa jarraba rerawa da furuci, kamar yadda suke jarraba nahawu.