Allurar da Aka Yi a Cinya Tana Iya Kashe Ƙafar Dabba

A bazarar da ta wuce, a bakin wata rijiya kusa da Dakoro, wani makiyayi ya kawo mini jar akuya tana jan ƙafar baya. Kofaton ya lanƙwashe, tana takawa da bayansa, har wurin ya yi miki. Ya ce karaya ce. Na lalube ƙashi, lafiya lau. Da na tambaye shi, sai ya ce kwana 5 da suka wuce ɗansa ya yi mata allurar oksitetirasikilin a tsakiyar cinya. A nan matsalar take.

Akwai jijiyoyi farare da ke fitowa daga laka, su ne ke kai saƙon motsi da na jin zafi zuwa ƙafafu. Ba su ne jijiyoyin jini ba. Mafi girmansu tana bi ta bayan kwatangwalo ta gangara cikin cinya. A rani, lokacin da bisashe suka rame, naman da ke rufe ta kaɗan ne. Idan allura ta soke ta, ko maganin ya taru kusa da ita ya ƙone ta, saƙo ya yanke, ƙafa ta mutu.

Saboda haka wurin allurar tsoka shi ne gefen wuya, gaban kafaɗa. Kada a wuce mililita 10 a wuri guda ga saniya, ko 5 ga tunkiya da akuya. Idan maganin ya fi haka, a raba shi a wurare daban-daban.

Ba allura kaɗai ke jawo wannan ba. Karsana mai haihuwar fari, idan maraƙi ya yi girma aka ja shi da ƙarfi, yakan danne jijiyoyin da ke cikin ƙugu. Sai ta kasa tashi, ko ƙafafun baya su warware gefe da gefe. Haka kuma sa da aka kayar ya daɗe kwance a kan ƙasa mai tauri: yakan tashi ya kasa miƙe ƙafar gaban da ya danne.

Me za a yi? A kwantar da dabbar a inuwa, a kan rairayi mai laushi. A riƙa juya ta daga gefe zuwa gefe kowace awa 4 zuwa 6, domin nauyinta na kashe tsokar da ke ƙasa. A yi wa saniyar dabaibayi a ƙafafun baya, tazarar kamar kamu ɗaya, don kada su ƙara warwarewa. A kawo mata ruwa da harawa har inda take. Kofaton da ke jan ƙasa a naɗe shi da tsumma mai tsabta. Kada a yi lalas, wuta ba ta haɗa jijiya. A kira ma'aikacin kiwo tun ranar farko, don maganin rage kumburi da wuri yake amfani.

Jijiya tana tsirowa ne a hankali, kamar milimita 1 a yini, shi ya sa warkewa ke ɗaukar makonni ko watanni. Akuyar nan sai da ta yi wata biyu kafin ta taka sosai.

Amma a kula: idan shanyewar ta kama dukan jiki, dabba na zubar da yawu, ta kasa haɗiya, wannan wata cuta ce dabam, har da yiwuwar ciwon haukan kare. Kada kowa ya sa hannu a bakinta, a ware ta, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take.